Yadda Marubuci Zai Gina Dandalinsa Tun Kafin Littafi Ya Fito

Tambayar da ta fi zuwa mini daga 'yan'uwa marubuta, musamman sababbin shiga, ita ce: "Na kammala littafina, yaya zan yi mutane su san da shi?" Na yi ta amsa ta ɗaya bayan ɗaya har na ga gara in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya. Zan fara da abin da ba shi da daɗin ji: wanda ya bari sai da ya ajiye alƙalami sannan ya yi wannan tambayar ya ɗan makara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Makarar tana gyaruwa, sai dai za ta ci watanni.

Idan na ce dandalin marubuci, ina nufin mutanen da suka san sunanka, suka yarda ka riƙa tuntuɓarsu, kuma kana da hanyar kai musu magana ba tare da ka nemi izinin kowa ba. Riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe da kyau, don a kansa aka ɗora duk matakan da ke tafe. Zan riƙa cewa "ka" saboda sauƙin magana, amma maganar ta haɗa har da ke, 'yar'uwa.

1. Tantance wanda kake rubuta wa

Ɗauki takarda ka cike wannan jimla: "Ina rubuta kaza domin mutanen da ke son kaza." Jimla ɗaya tak. Idan ta fito kamar "ina rubuta labarai domin kowa da kowa", yage ka sake. Wanda ya ce "ina rubuta labaran binciken laifi domin masu son su riga ɗan sanda gano mai laifi" ya san inda zai nemi mutanensa. Haka ma wadda ta ce "ina rubutu kan tarbiyyar yara domin iyayen da suka haifi ɗan fari".

Daga nan nemi littattafai biyar da suka fito cikin 'yan shekarun nan waɗanda mai karanta su zai iya son naka. Karanta sharhin da masu saye suka yi a kansu a Amazon (kasuwar intanet) ko Goodreads (shafin sharhin littattafai). Kada ka tsaya kan masu tauraro biyar ko ɗaya, waɗannan yawanci zumuɗi ne ko fushi. Masu tauraro uku su ne ke faɗin abin da ya gamsar da su da abin da suka nema suka rasa. Kwafe kalmominsu, za ka buƙace su ranar rubuta bayanin bayan littafi.

Wannan matakin ba ya cin ko sisi, shi ya sa ake raina shi.

2. Suna ɗaya, hoto ɗaya, bayani ɗaya

Tsayar da sunan da zai hau bangon littafi, na gaskiya ne ko na alƙalami, ka yi amfani da shi a ko'ina da harafi iri ɗaya. Kafin ka tsayar, rubuta shi a Google da Amazon ka ga ko wani marubucin ya riga ka. Sami hoto mai haske wanda fuskarka ta fito sosai. Wanda ba ya son nuna fuska ya zaɓi tambari guda ya zauna a kansa. Rubuta bayanin kanka kala biyu: gajere na kalma 30 da dogo na kalma 150.

Gargaɗi: kada ka sa wa shafukanka sunan littafin farko. Littafi na biyu zai zo ya tarar da gida da sunan yayansa.

3. Mallaki gidanka

Duk wanda ya tara jama'a a Facebook ko Instagram ko TikTok ɗan haya ne. Mai gida yana iya sauya ƙa'ida, ya rage yawan masu ganin rubutunka, ya kulle maka ɗaki, ko ya rushe gidan ɗungurungum. An rufe kafar sada zumunta ta Vine a 2017, an rufe ta Google+ a 2019, mutanen da suka shekara suna tara mabiya a can suka wayi gari hannu rabbana. Ni kaina an taɓa rufe mini wani shafi na tsawon makonni ba tare da an gaya mini laifina ba, kuma a lokacin ba ni da wata hanya ta gaya wa masu karatuna cewa ina nan da rai. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka sayi adireshin intanet da sunanka. Mai ƙarewa da .com yakan kama dala 10 zuwa 20 a shekara. Ka lura da tarkon da ke nan: wasu kamfanoni suna karya farashin shekarar farko, sai a sabuntawa su ninka, don haka farashin sabuntawa za ka duba kafin ka biya. Sannan ka tabbata da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistar. Idan wani ya gina maka shafin ya yi rajista da nasa, ranar da kuka saɓa shi ne mai gida.

Shafin ba ya buƙatar ado. WordPress ko Blogger, manhajojin gina shafin intanet, sun isa a farko. Abu huɗu kawai za a tarar a ciki: ko kai wane ne, abin da ka rubuta ko kake rubutawa, yadda za a same ka, da wurin da mai karatu zai bar maka imel ɗinsa. Na huɗun ya zama shi ne abin da ido zai fara sauka a kai.

4. Tara jerin masu karatu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan zan fi daɗewa.

Mutum ɗari biyu da suka ba ka imel ɗinsu da hannunsu sun fi mabiya dubu goma da suka latsa maɓalli suka wuce. Dalilin a bayyane yake: saƙonka yana shiga akwatin kowannensu kai tsaye, babu na'urar da za ta zaɓi wanda zai gani da wanda ba zai gani ba, kuma jerin naka ne, kana iya sauke shi ka koma da shi wani kamfanin idan wannan ya ɓata maka rai.

Ga yadda ake bi. Da farko buɗe asusu a ɗaya daga cikin masu hidimar aika wasiƙa ga jama'a da yawa, irin su MailerLite, Mailchimp ko Substack. Biyun farko suna da tsarin kyauta mai iyaka, kuma iyakar tana sauyawa, sai ka duba ranar da za ka shiga. Substack ba ya karɓar komai idan wasiƙarka kyauta ce. Idan ka sa mata kuɗi yana cire kashi 10 cikin 100, ban da kamashon kamfanin da ke karɓar kuɗin.

Na biyu, shirya ɗan abin da za ka ba wanda ya yi rajista. "Ku yi rajista don samun labaraina" ba ya motsa kowa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Marubucin ƙagaggen labari ya ba da cikakken gajeren labari, mai farko da ƙarshe, irin nau'in littafinsa. Marubucin ilimi ya ba da abu guda mai amfani yau-yau, kamar jerin tambayoyi goma da ya kamata a yi kafin sa hannu a wata yarjejeniya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ba da abin da bai danganci littafin ba, kamar gasar cin kyautar waya. Za ka tara masu son waya, ranar sayar da littafi ka ji shiru.

Na uku, rubuta wasiƙar maraba wadda za ta tafi da kanta da zarar mutum ya shiga. Gaya masa ko kai wane ne, sau nawa zai riƙa ji daga gare ka, sannan ka yi masa tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa, misali wane littafi ya karanta na ƙarshe da ya hana shi barci. Wanda ya amsa, ka ba shi amsa da kanka. Waɗannan su ne za su fara sayen littafinka, su kuma gaya wa wasu.

Na huɗu, aika wasiƙa aƙalla sau ɗaya a wata. Wanda ya tara jeri ya yi shiru shekara guda, sannan ya ɓullo da "littafina ya fito", an riga an manta da shi.

Gargaɗi biyu a nan, kuma masu nauyi ne. Kada ka taɓa zuba imel ɗin mutane cikin jerin ba da saninsu ba, ko da 'yan'uwanka ne, kada kuma ka sayi jeri a hannun kowa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 tana da tsauri kan wannan, dokar Amurka ta 2003 kuma ta wajabta a bar wa mutum hanyar ficewa a kowane saƙon talla. Kamfanonin da na ambata suna rufe asusun wanda aka yi ta ƙorafi a kansa. Na biyu, sauke kwafin jerin ka adana duk wata.

Idan masu karatunka ba ma'abota imel ba ne, WhatsApp da Telegram suna aiki. Amma ka san bambancin. Zauren WhatsApp yana tsayawa a mutum 1,024, kuma kowa na ganin lambar kowa, abin da ke korar mutane da yawa. Tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, tana ɓoye lambobin mabiya har ga mai tashar, wato idan ta salwanta ba ka da hanyar nemo su. Mafita ita ce ka haɗa da fom na Google inda mai so zai rubuta maka lambarsa ko imel ɗinsa da yardarsa.

5. Zaɓi kafa ɗaya ta sada zumunta

Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Koma kan jimlar mataki na 1 ka tambayi kanka ina waɗannan mutanen suke wuni. Can za ka je, ko da ba can ake yayi ba. Idan magana gaban kyamara tana takura ka, bar TikTok da YouTube ga masu iyawa. Sauran kafafen ka kama sunanka a cikinsu don kada wani ya riga ka, ka manna adireshin shafinka, ka tafi.

Aikin kafar guda ne: ta jawo baƙo ta miƙa shi ga jerinka. Kada ka sayi mabiya. Asusun bogi ba sa karatu, kuma editan da ya ga mabiya dubu hamsin da tsokaci uku ya gane abin da ya faru.

6. Abin da za ka riƙa fitarwa

Mafi yawan marubuta suna cika shafinsu da maganar rubutu: yadda ake gina tauraron labari, yadda ake yaƙi da kasala. Wannan yana tara marubuta irinka, waɗanda kowannensu ke jiran ka sayi nasa. Mai karatu abin da ke cikin littafin yake so. Idan labarinka ya faru a jirgin ruwa, ba shi abin mamakin da ka gano game da rayuwar matuƙa lokacin bincike. Ba shi ɗanɗanon babi. Nuna masa bango biyu ya zaɓa. Yaba littafin wani da ya burge ka, yabon gwani ya zama dole, kuma mai karatu yana riƙe wanda ya nuna masa littafi mai daɗi.

Akwai misali sananne na inda wannan hanya take kaiwa. Marubuci Andy Weir ya riƙa sakin littafinsa The Martian babi-babi a shafinsa kyauta, masu karatu suna gyara masa kurakuran kimiyya. Su suka roƙe shi ya sa shi a Kindle, kasuwar Amazon ta littattafan da ake karantawa a waya, ya sa masa santi 99 (ƙasa da dala ɗaya), daga nan kamfanin ɗab'i ya saya ya fitar a 2014, aka yi fim a 2015. Abin da ake mantawa shi ne ya shekara da shekaru yana zuba rubutu a shafin kafin wannan labarin, mutanen suna nan suna jira tun kafin babin farko.

Gargaɗi ga mai son sakin labari a Wattpad (dandalin karanta labarai a intanet) ko shafinsa: wasu kamfanonin ɗab'i suna ɗaukar abin da ya fito a intanet a matsayin wanda aka riga aka wallafa. Idan wurinsu ka nufa, saki gajerun labarai da somin-taɓi, ka riƙe littafin. Haƙƙin mallaka kuwa naka ne tun daga lokacin da ka rubuta, bisa Yarjejeniyar Berne ta 1886 da yawancin ƙasashen duniya suka shiga, amma wannan ba ya hana ɓarayin fasaha kwafa. Adana daftarinka masu kwanan wata.

Sai batun lokaci. Ware wa dandali abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lokacin rubutunka ba, kuma rubutu ya riga shi a kowace rana. Na ga mutane da dama da suka zama gwanayen talla, littafin kuma yana babi na huɗu shekara uku.

7. Nemi abokan tafiya

Marubuta uku ko huɗu masu nau'in rubutu irin naka kuma masu matsayi kusa da naka sun fi maka amfani a kan babban marubucin da kake ta aika wa saƙo ba ya amsawa. Ku riƙa karanta wa juna, ku gabatar da juna ga masu karatunku. Fara da bayarwa kafin roƙo.

Daga jerinka kuma zaɓi mutum biyar zuwa goma su karanta daftari. Kada ka tambaye su "ya yi daɗi?", kunya za ta sa su ce e. Tambaye su a wane shafi suka ajiye, wane ne suka kasa ganewa, ina suka tsallake.

8. Zaɓi hanyar ɗab'i ka yi lissafi

Hanya biyu ce. Ta farko, kamfani ya ɗauki littafin, ya ɗauki nauyin gyara da bango da bugawa, ya biya ka kaso, wani lokaci har da kafin alƙalami. A manyan kasuwanni irin Amurka da Ingila ana shiga ne ta hannun dillalin marubuta, wanda yawanci yake cire kashi 15 cikin 100 na abin da ka samu, kuma ba ya karɓar komai sai an sayar. Daga sa hannu zuwa fitowa a kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. Littafin ilimi ana iya sayar da shi da takardar tsari da 'yan babuka, kuma a nan ne ake tsananta tambayar su wa suka san ka. Ƙagaggen labari sai an kammala shi, kuma ingancin rubutun ne ke gaba.

Ta biyu, ka wallafa da kanka. Amazon KDP, sashen Amazon na masu wallafa da kansu, wanda ya fara a 2007, ba ya karɓar kuɗin ɗora littafi, yana biyan kashi 35 ko 70 cikin 100 a kan littafin da ake karantawa a waya, gwargwadon farashi da ƙasar mai saye. Kashi 70 yana farawa ne daga dala 2.99. Yi lissafin da kanka: littafin dala 2.99 yana kawo kusan dala 2, na santi 99 yana kawo kusan santi 35, wato sai ka sayar da shida kafin ka kamo ɗaya. Kuɗin yana zuwa kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan ciniki, kuma Amurka tana iya riƙe har kashi 30 na cinikin da aka yi a can idan ƙasarka ba ta da yarjejeniyar haraji da ita. Kafin ka ɗora komai, duba ko suna karɓar harshen da ka yi rubutu da shi, da ko suna iya biya ta bankin ƙasarka. Idan ka shiga tsarin KDP Select, ka ɗaure littafinka na waya ga Amazon kaɗai na kwana 90, ba ka da damar sayar da shi ko da a shafinka.

A wannan hanyar, kuɗinka edita da mai zanen bango za su fara ci, kafin talla. Araha ba ta ado. Talla ga littafi mai kurakurai hanya ce ta saurin sanar da duniya kurakuran.

Gargaɗi mafi girma a duk jagoran nan: akwai masu kiran kansu kamfanin ɗab'i, su turo maka saƙon yabo ba ka neme su ba, sannan su ce ka biya kuɗin karantawa ko na "haɗin gwiwa". A harkar gaskiya kuɗi wajen marubuci yake gangarowa. Biyan edita ko mai zane don aikin da ka ɗauke su daban ne, don haƙƙin littafin yana hannunka. Wanda zai karɓi kuɗinka kuma ya karɓi haƙƙinka, guje shi. Kowace yarjejeniya ka nemi amsar abu uku a cikinta: wane haƙƙi ka bayar, na tsawon wane lokaci, kuma ta yaya zai dawo maka.

9. Fitar da littafin

Wata uku kafin rana, sanar da jerinka suna da bango. Wata guda kafin rana, ba masu karatun gwaji kwafi ka roƙe su su rubuta ra'ayinsu na gaskiya idan ya fito. Ranar fitowa aika wasiƙa ɗaya gajera mai adireshin saye guda, bayan mako ka tuna musu. Amazon ya haramta sayen sharhi da sharhin dangi na kusa, yana goge su, yana iya rufe asusu. A shafin ƙarshe na littafin sa gayyatar shiga jerinka, domin wanda ya kai ƙarshe shi ne mutumin da ka fi buƙata.

10. Shirya zuciyarka

Za a mayar maka da littafi, sau da yawa ma ba za a amsa ba. Wani zai ba ka tauraro ɗaya bai wuce shafi na goma ba. Wanda kuka fara tare zai wuce ka. Babu ɗayan waɗannan da za ka iya hanawa, abin da ke hannunka shi ne yadda za ka karɓe su.

Kada ka mayar wa mai suka martani a bainar jama'a, ko da ya yi maka ƙarya. Masu kallo ba za su tuna abin da ya ce ba, naka za su ɗauki hoto. Suka kuma tace ta ake yi. Mutum ɗaya ya ce tsakiyar labarin tana jan ƙafa, ra'ayinsa ne. Mutum huɗu da ba su san juna ba suka faɗa, koma ka duba. Idan gyaran edita ya iso ya ƙona maka rai, rufe shi kwana uku kafin ka amsa. A rana ta huɗu yawanci za ka ga rabinsa gaskiya ne.

Ka kuma sa a ranka cewa littafin farko da wuya ya ciyar da mai shi. Aikinsa ya kawo maka masu karatun na biyu, na biyu kuma ya sa a koma a nemi na farko. Saboda haka kada ka bar aikin da ke riƙe da kai don ka gama littafi ɗaya, kuma ka fara na gaba tun kafin wannan ya fito, don kada ka wuni kana leƙa alƙaluman ciniki.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne ɗan littafin lissafi mai gida biyu. Gidan dama na abin da ni nake iko da shi: kalmomi nawa na rubuta a makon, wasiƙa nawa na aika, wurare nawa na tura aiki. Gidan hagu na abin da ba ni da iko da shi: ciniki, sharhi, sababbin masu rajista. Na dama ina cike shi kowane mako. Na hagu sau ɗaya a wata nake buɗe shi, ranar da nake sauke kwafin jerin imel, in rubuta lambobin in rufe.